Shekarar da Aka Shanya Faya-fayan Baba Sabi

Na sha jin ku kuna ba da wannan labari a tsakar gida, kuna dariya har da riƙe ciki: wai Baba ya bar irin shinkafa a ruwa ya ceci akwatin waƙoƙi, Inna kuma ta gasa su a rana. Ban taɓa hana ku ba, don ni ma ina dariyar a zuci. Amma a gutsure kuke ba da shi, kuma a gutsuren naku mahaifiyarku ce take fitowa kamar marar wayo, alhali ba haka abin yake ba. Tunda Allah ya sa hannuna ya iya riƙe biro da girmana, bari in zauna in jera muku shi yadda ya faru.

A shekarun nan, idan aikin gona ya yi sauƙi, nakan ɗaure busasshen kifi a bayan babur in bi ta Tsamiya in ƙetara iyaka zuwa Segbana ranar kasuwa. A bakin kasuwar akwai rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, ana ce masa Baba Sabi. Daga Dandawan can yake, amma Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi, domin ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kwatano da arewa. Ranar da na fara tsayawa wurinsa ba gyara ya kai ni ba. Wani kiɗa na ji yana fitowa daga rumfar, jita biyu suna bin juna da gudu kamar 'yan awaki, ɗaya ta hau ɗaya ta sauko, na taka birki ban san na taka ba.

"Kai mai kifi," in ji shi, "ko ka shigo ko ka wuce. Ka tare mini haske."

"Baba, wane gidan rediyo ne wanga?"

"Rediyo? Rediyo ta isa? Ajiye warin kifinka can waje ka zo ka gani."

Na shiga na ga wani baƙin faifai yana juyawa a kan garmaho mai aiki da batir, ga 'yar allura tana bin zanen da ke jikinsa, kuma wai daga nan duk wannan kiɗan yake fitowa. Na durƙusa na kai kunnena kusa da allurar, na ji waƙar 'yar ƙanƙanuwa a wurin, kamar sauro ya iya jita. Baba Sabi ya yi ta dariya har ya yi tari. Sai ya janyo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Cike yake taf da faya-fayai, manya da ƙanana, kowanne a tsaye cikin kwalinsa mai hoto. Ya ce a bakin teku ya tara su, wurin ma'aikatan jiragen ruwa. Wani ya ba shi don ya rage masa hanya, wani suka yi musaya da goro, wani ya bar masa don ba ya son komawa gida da abin da zai riƙa tuna masa da wata. Ranar kifina ya kusa komawa garinmu Kaoje yadda ya zo.

Daga nan ranar kasuwar Segbana ta zama sallata. In sayar da kifi da wuri, ko da an taya ba daɗi, in garzaya rumfa. Ya ku 'ya'yana, duniya na gani a rumfar nan, ni da ban taɓa wuce Birnin Kebbi ba. Masu jitar nan ya ce 'yan Kwango ne. Akwai na wani tsibiri, Kiyuba, inda ƙahonnin ƙarfe suke tashi gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofa da ƙarfi, ga kuge a ƙarƙashi yana riƙe da kowa, har ƙafarka ta fara motsi ba da izininka ba. Akwai na Habasha, wanda busarsa take tafiya a karkace kamar mai neman gida a baƙon gari. Akwai wani baƙin mutumin Amurka shi kaɗai da jitarsa, yana waƙa yana nishi, na rantse da Allah na ce wannan kakansa mai molo ne, Baba Sabi ya ce ba mamaki. Akwai na Turkiyya, akwai na Indiya irin wanda ba a ji a fim, mutum ɗaya ya riƙe murya ɗaya ya yi ta lanƙwasa ta har shayinka ya huce. Akwai ƙattin Rasha da yawa suna waƙa tare babu ko ganga, muryarsu a ƙasa kamar hadari yana haɗowa daga gabas. Wasu faya-fayan ma shi kansa bai san ƙasarsu ba. Irin waɗannan ya fi so. Yakan ce wataƙila duk Afirka mu biyu ne kaɗai muke jin wannan mutumin a yau, sai mu gyara zama mu ba shi haƙƙinsa.

Lokacin ban iya karatun boko ba, don haka da hoton kwali nake gane su, na raɗa wa kowanne suna. Akwai Mai Jar Hula, akwai 'Yan Biyu Kan Jaki, akwai Matar Bakin Teku. In na ce, "Baba, sa mana Mai Jar Hula," ya san wanda nake nufi. Ya koya mini riƙe faifai ta gefe kada yatsa ya taɓa fuskarsa, da share shi da tsumma mai laushi, da sauke allura a hankali ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Ana nan idanunsa suka fara dushewa, har ya daina ganin wayoyin cikin rediyo. 'Yarsa da ke aure can nesa a garin Faraku ta ce sai ya koma wurinta, kuma ɗakin da ta tanadar masa ba ya ɗaukar tarkace. Ranar da na je yi masa sallama na tarar ya ɗaure akwatin da igiya, garmahon yana kai.

"Umaru, ɗauki."

"Baba, ba ni da abin da zan biya wanga kaya."

"Wa ya ce maka saye? Da sayarwa nika so, da mai gwangwan ya kwashe su tuni. Abu guda za ka yi mini. Ban ganin komi yanzu, sai kunne. Duk ranar da na kira ka a waya, ka ɗora guda, ka kara mini in ji. In sun yi shiru a hannunka, to ka kashe ni sau biyu."

Na ce na ɗauka. Haka na shigo Kaoje da akwati a bayan babur, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, ina waƙar Kiyuba da bakina ba tare da na san kalma ɗaya a ciki ba.

Watannin da suka biyo baya ba na jin na taɓa jin daɗin duniya kamarsu. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida, in haɗa garmaho da batirin babur, mutane su taru. Wani Bafulatani da ke kawo mana nono, da ya ji sarewar mutanen wasu duwatsu na can ƙarshen duniya, ya jingina sandarsa ya tsuguna, da ta ƙare ya ce ko ba a gaya masa ba wannan makiyayi ne, kuma dabbarsa ta ɓata. Innarku Hadiza ba ta fitowa, amma na lura duk ranar da na sa Matar Bakin Teku, wata mai murya mai sanyi da ke waƙa kamar tana lallashin kanta, sai dakan da ake yi a cikin gida ya tsaya. Baba Sabi kuma yakan kira, in kara masa waya, in ji shi yana buga yatsa a kan wani abu. Mutum ɗaya ne bai taɓa zama ba, yayana Manu, baffanku. In ya zo wucewa sai ya ce, "Har yanzu ana nan ana sauraren waɗanda ba su san da kai ba?" ya wuce gona.

Sai ruwa ya zo. Kun san yadda kogi yake mana, kowace damina yakan leƙo fadama ya koma. A wannan shekarar bai koma ba. Da safe muka ga ya shanye gonaki, kafin azahar yana lasar katangu. Jirgin Yaya Manu kaɗai muke da shi, muka yi ta kai kawo zuwa tudu. Mata da yara muka fara kaiwa, kuma ga abin da ba ku taɓa sawa a labarinku ba: mahaifiyarku ce ta naɗe garmaho cikin zanenta na biki ta ɗora a ka, ta bar kwanukanta. Daga nan muka kwashe awaki, muka kwashe hatsin Yaya Manu da irinsa, don gidansa ya fi nawa gangare. Da muka dawo gidana ruwa ya kai gwiwa a ɗaki, katangar baya ta fara zubewa. Ga buhunan irin shinkafata a kan dakali, irin da muka gada wurin mahaifinmu, ga akwati rabinsa a ruwa. Jirgi kuma ya riga ya ɗauki gado da buhun gero. Yaya Manu ya dube ni.

"Umaru, jirgi ba shi ɗaukar duka, kuma ba mu dawowa. Kama buhu."

Na kama akwati.

"Mi kaka yi?"

"Yaya, iri akwai irinshi wurinka, akwai shi wurin mutane. Wanga in ya tahi, ya tahi ke nan. Kuma amana ce."

"Amana? 'Ya'yanka ba amana ba ne? Waƙa za ka shuka bana?"

Ya kama ɗaya hannun akwatin, don ba mutumin da zai tsaya gardama ruwa na tashi ba ne, muka ɗora. Har muka isa tudu bai dube ni ba, kuma daga ranar ya daina amsa mini komai sai sallama. Abin da zaɓin nan ya ci mini ba na ɓoye muku: a ranin nan ban shuka gonata ba, ƙwadago na yi a gonakin mutane, ni da nake da tawa. Kun sha kunu ba ƙosai har kuka gaji da tambaya. Na san da haka lokacin da na kama akwatin, kuma ko yau aka mayar da ni ɗakin nan shi zan kama.

Washegari rana ta fito tas. Maza muka koma da jirage taya mutane fitar da shanu. A kan tudu kuwa kowace mace ta yi abin da 'yar Kaoje take yi wa duk abin da ya jiƙe tun kakanni: shanya. Shinkafa a kan tamfol, gero a kan tabarma, tufafi a kan ƙaya. Hadiza ta buɗe akwati ta tarar da laka ta shiga, kwalaye sun jiƙe suna mannewa da faya-fayan. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta gefe take riƙewa kamar yadda ta hango ina yi, ta ɗauraye kowanne da ruwan randa, ruwan shanmu. Ta jera kwalayen a inuwa don kada hotunan su koɗe. Faya-fayan kuma, da yake su ne masu daraja, ta ba su wuri mafi kyau: fallayen kwanon rufi da aka ceto, inda rana ta fi bugawa. Har tana zuwa tana juya su, kamar yadda ake motsa shinkafa don kowane gefe ya samu. Ku ji ni da kyau. Rumfar Baba Sabi kullum a inuwa take, maganar rana ba ta taɓa haɗa mu ba. Da ina nan a ranar, da ni zan riƙa miƙo mata su tana jerawa.

Da na dawo da yamma na hango mata sun yi cirko-cirko. Faya-fayan sun lanƙwashe kamar bakin tsohuwar malafa, wani ya tashi nan ya kwanta can. Waɗanda ke ƙasan akwati ba ta kai gare su ba, su kuma laka ta cinye su. Hadiza tana zaune a gefe, ba kuka take yi ba, ta dai zuba wa hannuwanta ido.

"Malam, bushewa na so su yi."

"Na sani."

"Ka bar iri saboda su."

Wannan ce maganar da ta fi yi mata ciwo. Na ɗora guda a garmaho, allura ta hau tudu ta faɗa kwari ta yi tsalle ta fice. Mutane suka watse a hankali kamar an tashi daga zaman makoki.

Ban jira Baba Sabi ya kira ba, ni na kira shi na gaya masa komai. Sai ya tambaya ko a kan kwano ta jera su, na ce e, ya yi wata 'yar dariya marar daɗi ya ce matar kirki ce, ta ba su gadon baƙo. Sannan ya ce zafi ne ya lanƙwasa su, ɗumi da nauyi ne kaɗai za su iya miƙar da su, in za su miƙu. A sa su tsakanin katakai masu santsi, a shimfiɗa tsumma, a danne da kaya mai nauyi a ɗaki mai ɗumi wanda rana ba ta shiga, a manta da su.

"Wasu za su tashi, wasu ba su tashi," in ji shi. "Ni ba ni ƙara kiranka. Kai ma kada ka kira ni sai sun yi magana."

Katakai na samu wurin kafinta. Amma ɗaki mai rufin kwano da kaya mai nauyi, bayan ruwan nan, a danginmu mutum ɗaya ne yake da su: Yaya Manu, wanda ya jibge buhunan irinsa a wani shago a kan tudu. Na yi ta juya yadda zan tunkare shi ban samu ba. Ashe Hadiza ta riga ni. Ita da ko sunansa ba ta faɗa, wadda in ta hango shi a hanya sai ta ratse, ta yafa mayafi ta je ta durƙusa a ƙofar shagonsa. Matarsa ce ta ba ni labarin yadda suka yi.

"Yaya, ni na ɓata kayan. Ba don shi na zo ba, don kaina na zo."

"Wato irina ne zai yi wa tarkacenshi dako?"

"Zama kawai zai yi a kansu, Yaya. Zaman da yake yi yanzu."

Matarsa ta ce daga ƙarshe ya ce a kawo, amma ranar da zai ɗaga buhunansa ya jiƙa iri, ranar za a kwashe, sun miƙe ko ba su miƙe ba.

Jiran nan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci. Kwalaye sun rabu da faya-fayansu, kuma babu yadda zan san wane ne Mai Jar Hula sai in na iya haɗa rubutun tsakiyar faifai da na jikin kwali. In wasu dare ne yake yi musu tsawo, ni rana ce take mini tsawo, sai na cika ta da haruffa. Kullum in na wuce shagon nakan rage tafiya, ban san me nake zaton zan ji ba.

Ruwa ya janye, sanyi ya shigo, aka fara gyaran fadama. Wata safiya Yaya Manu ya aiko matarsa ta ce yau zai ɗaga buhuna. Kafin in isa labari ya riga ni, ƙofar shagon ta cika, har Bafulatanin nan yana can da sandarsa. Muka ɗaga buhuna, muka ɗaga katako na farko. Na ɗauki faifan da ke sama na kai shi saitin ido. Ya miƙe, amma ba sosai ba. Na ɗora, allura ta yi taku kaɗan ta yi tsalle. Wani ya ce, "Ayya." Na biyu ma haka. Na kai hannu ga na uku ke nan, sai na ji murya a bayana.

"Malam, kawo."

Hadiza ce, a gaban mutane, a gaban Yaya Manu. Ta zaɓi guda daga ƙasan jerin, inda nauyi ya fi dannewa, ta share shi da bakin mayafinta, ta ɗora, ta sauke allura kamar mai sa wa jariri kwalli. Aka ji ƙas-ƙas-ƙas. Sai ƙahonnin Kiyuba suka tashi gaba ɗaya.

Wayyo, ku zo ku ga Kaoje! Mata suka rangaɗa guɗa, kafinta ya jefa hularsa sama, Bafulatani yana ta cewa a yi shiru a ji, shi kuma ya fi kowa ihu. Kiɗan yana ɗan lilo, ya yi sama ya yi ƙasa kamar jirgi a kan igiyar ruwa, amma allura ta riƙe hanya ba ta saki ba. Muka yi ta ɗorawa har azahar. Da yawa sun mutu, ƙattin Rasha ba su ƙara buɗe baki ba, mutumin Habasha kuma tsakiyarsa kaɗai ta rage. Amma 'yan Kwango sun tashi, mai molon Amurka ya tashi, makiyayin duwatsu ya tashi. Yaya Manu yana ta jan buhunansa waje kamar ba ya ji, sai dai na lura buhu ɗaya ya daɗe ƙwarai a bakin ƙofa.

"Iri dai ba ni ba ka," in ji shi da ya ga ina kallonsa. "Kuma wancan mai jitar, gaya mashi ya rage nishi."

Da muka kai ga Matar Bakin Teku, na ce kowa ya yi shiru. Na kira Faraku. 'Yarsa ta ɗauka, na ji tana cewa, "Baba, mai kifi ne." Ban yi sallama ba, na miƙa wa Hadiza wayar ta kara a bakin garmaho, ta sauke allura. Muryar matar ta fito, da ɗan rawa a cikinta wanda da babu, kamar ita ma ta sha wuya a shekarar. Muka tsaya har waƙar ta ƙare, allura ta shiga zagaye a tsakiya tana ƙas-ƙas. Na karɓi wayar na kai kunne.

"Baba? Kana ji?"

Na ji ya ja hanci, ya gyara murya.

"Wa ya sauke allurar nan? Ba hannunka ba ne, kai kana da gaggawa."

"Hadiza ce, Baba."

"To ba ta wayar, kai ka matsa. 'Yata, juya mana ɗaya gefen."